Yadda ake buga nagetif na baƙi-da-fari a kan takardar kala

Duk mai wanke hoto da hannu a nan Jidda ya san takardar baƙi-da-fari ba ta samuwa da sauƙi. Sai an yi odarta daga waje, ta zo da tsada, wani lokacin ma zafin hanya ya riga ya taɓa ta. Takardar kala kuwa, wadda injinan istidiyo ke ci dare da rana, tana nan cikin gari naɗi-naɗi. Ga kuma gidajen Hausawa a Jidda da Makka da Madina, da wuya ka rasa gwangwanin biskit cike da tsofaffin nagetif, wasu tun na kakannin da suka biyo ta Sudan, suka yi zango a Madani ko Omdurman kafin su ƙetaro teku. Abin yana ci mini rai in ga fuskokin nan suna lalacewa a gwangwani don kawai babu takardar da aka yi dominsu. Ana iya fito da su a takardar kala, su fita baƙi da fari tsaf, in ka so kuma ka ba su ɗan ruwan ƙasa irin na hotunan da. Na daɗe ina yi, ga kuma hanyar da nake bi.

Amma ka sani tun yanzu: hoton da za ka samu na rini ne, ba na azurfa ba kamar na takardar baƙi-da-fari. Takardar baƙi-da-fari da aka wanke da kyau ta fi shi tsawon rai, balle in za a rataye shi inda rana ke bugu. Saboda haka bayan ka buga, ka ci gaba da adana nagetif ɗin.

Kayan aiki

Na farko inlaja, wato na'urar da ke haska nagetif ta faɗaɗa shi a kan takarda. Wadda ta fi dacewa ita ce mai kan kala, mai maɓallai uku da aka yi wa alamar Y da M da C: rawaya, majenta da sayan. Majenta jan nan ne mai karkata zuwa shunayya, sayan kuma shuɗi ne mai haske da ya karkata zuwa kore. Durst, LPL, Meopta, Kaiser, Omega, kowacce ka samu za ta yi. In taka ta baƙi-da-fari ce zalla, duba ko tana da aljihun filta a saman inda ake sa nagetif. In akwai, nemi saitin filtocin kala na leda ka riƙa jerawa da hannu, ka haɗa da filtar UV. Aikin zai ja lokaci, amma yana fita.

Kafin ka jona tsohuwar inlaja a wuta, karanta ɗan farantin da ke bayanta. Tsofaffin gidaje a ƙasar nan har yanzu wasu suna da soket na 127 da na 220 a ɗaki guda. Sannan wutar Saudiyya mai zagaye 60 ce a daƙiƙa, ta Turai kuwa 50. In agogon inlajarka tsohon na Turai ne mai ɗan inji a ciki, zai riƙa sauri: ka sa daƙiƙa 10 ya ba ka takwas da ɗan ɗoriya. Wannan ba ya hana aiki muddin da shi kaɗai kake awo. Abin da ke hana aiki shi ne rawar wuta. Duk sa'ad da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya tashi, ƙwan inlaja na ɗan dusashewa, launin haskensa ya canza, kai kuma ka ga hotuna biyu da ka buga da lamba ɗaya sun fito daban. Sitabilaiza na maganin wannan.

Takarda: wadda aka fi samu ita ce Fujicolor Crystal Archive. In ba ka sami yankakkiya a kwali ba, yi magana da mai istidiyon da kuka saba ya sayar maka da wutsiyar naɗi, mai faɗin inci 8 in akwai, a cikin baƙar ledarta.

Ruwan wanki sunansa RA-4, kuma ruwa biyu ne: dibelofa mai fito da hoto, da biliks mai cire azurfa ya bar rini. Bellini da Adox suna yin ƙananan saiti na gida, Fuji Hunt kuma na manyan injina. Kada ka haɗa shi da C-41, wancan na fim ne. Sai ruwan tsayarwa, mai tsayar da aikin dibelofa, wanda za ka iya haɗawa da farin khal, wato binega, na kantin unguwa.

Abu mafi muhimmanci, kuma mafi araha: yankin fim mai kala da aka wanke ba a ɗauki komai a kansa ba, irin fankon nan mai ruwan goro da ke farkon kowane naɗi. In ka sami na babban fim, mai lamba 120, ya fi, don yana rufe wuri sosai. Zaɓi marar ƙarzuwa.

Saura su ne tire huɗu ko gangar wanke takarda irin ta Jobo, babban baho, ma'aunin zafi mai gaskiya, kofin awo da kwalba daban ga kowane ruwa, safar hannu ta nitril daga saidaliyya, wato kantin magani, wuƙar yankan takarda mai teburi, kwali mai hana haske, handiraya, baƙin salatif, da littafi da biro. Littafin nan kada ka raina shi, rabin aikin a cikinsa yake.

1. Mayar da ɗaki duhu na gaske

Jar fitilar da ka saba da ita wajen baƙi-da-fari ba ta da wuri a nan. Takardar kala tana ganin kowane launi, har da ja. Akwai fitila ta musamman mai dishi-dishi da aka yi dominta, amma ni shawarata ka koyi aiki a duhu ƙirin. Kashe wuta, ka zauna minti biyar har idonka ya saba, sannan ka dudduba. Za ka ga ɗan hasken jikin mukayyif, na abin jona caja, na ƙarƙashin ƙofa, da wanda ke tsiyaya ta gefen kan inlaja. Liƙe su duka da baƙin salatif, ka tura tawul ƙarƙashin ƙofa, waya kuma ta kwana a falo.

Takardar da kanta za ta nuna maka ɓarawon. In farin gefenta ya yi sayan, jan haske ne ya taɓa ta. In ya yi ruwan hoda, koren haske ne. In ya yi rawaya, ko shuɗin haske ne, ko kuma takardar ce ta tsufa ko ta sha zafi.

2. Yanka takarda

Takarda a firji take zama. Ka fito da ita awa uku ko huɗu kafin aiki, ka bar ta a rufe har ta huce, in ba haka ba laimar Jidda za ta sa ta yi gumi, ta manne. Kada ka taɓa barin ta a mota da rana ko na ɗan lokaci ne.

Da haske, liƙa wani kwali a kan teburin wuƙa daidai tsawon da kake so, ya zama tokare da hannunka zai ji a duhu. Kashe wuta, ka fara yanke ɗan guntu, ka mayar da naɗin cikin leda, ka fito da guntun waje ka duba. Gefen da ke ɗaukar hoto yana da shuɗi-shuɗi, bayan kuma akwai rubutun kamfani. Lura da ta wane gefe takardar ke lanƙwasawa, daga nan ba za ka ƙara rikicewa ba. Yanka manya goma da zirara masu yawa na gwaji, ka jera su a kwali duk fuska sama. Hannu ya zama busasshe, a gefe-gefe kake riƙewa, don gumin yatsa yana fita a hoto. Sannan ka wanke guntu ɗaya da bai ga haske ba. In ya fito fari tas, takardarka lafiya.

3. Haɗa ruwa da daidaita zafi

Bi takardar da ta zo da saitin wajen awo, kada ka yi kirdado. In na manyan injina ka samu, duba ko yana buƙatar a ƙara masa ruwan farawa. Dibelofa ake fara haɗawa, a rufe shi, a wanke hannu, sannan a taɓa biliks. Ɗigo kaɗan na biliks in ya faɗa cikin dibelofa ya gama da shi, kala za ta rikice yadda babu filtar da za ta gyara. Ruwan tsayarwa kuwa, in khal ɗinka mai kashi 5 cikin ɗari ne, zuba kofi ɗaya a ruwa kofi ɗaya da rabi.

Ƙa'idar RA-4 ita ce digiri 35, daƙiƙa 45 a dibelofa, daƙiƙa 45 a biliks. Wasu saitin suna yarda a yi a zafin ɗaki, wajen digiri 20, a ba dibelofa kamar minti biyu. A ƙasashen sanyi ɗumama ruwa ne damuwarsu. Mu nan da bazara ruwan tankin saman bene yakan wuce 35 da rana, sai dai ka sirka shi da na firji. Shi ya sa na fi son aiki bayan isha'i ko bayan asuba. Cika baho da ruwa a zafin da ka zaɓa, ka tsoma kwalabe a ciki, tiren dibelofa ma ya zauna cikin wani tire babba mai ruwan.

Ko wane zafi ka zaɓa, ka tsaya a kansa daga gwajin farko har hoton ƙarshe. In ya sauka da digiri biyu a tsakiyar aiki, launin tokar da ka sha wahala ka samu zai gudu, ka yi ta juya filta kana zargin inlaja. Auna kafin kowane hoto.

Sa safar hannu. Sinadarin da ke cikin dibelofan kala yana sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma in jiki ya fara ƙin sa ba ya dainawa. Ɗaki kuma ya zama akwai fankar da ke fitar da iska, mukayyif shi kaɗai juya iskar ciki yake yi.

4. Zaɓen nagetif

Don koyo, ɗauki nagetif mai laushi, wanda aka ɗauka a inuwa, mai fuska da ɗan bango da tufa mai toka. Wanda aka ɗauka da tsakar rana, farar jallabiya a gaban baƙar ƙofa, bar shi sai hannunka ya faɗa. Hure ƙura da abin hura iska na roba, kada ka goge da gefen riga.

Tsofaffin nagetif na istidiyo suna da nasu hali. Ɗaga ɗaya ka kalle shi a haske. Masu hoton da sukan bi fuska da fensir su gyara, wannan ba ya damun kowa. Amma wasu sukan shafa jan rini siriri a kan fuska da hannaye don fata ta yi haske. A takardar baƙi-da-fari jan nan tare haske kawai yake yi. A takardar kala kuwa jan haske na ratsa shi, sai ka ga fuskar tsoho ta fito da tabon sayan daidai inda buroshi ya bi, har da iyakar shafin a gefen kunne. Haka nagetif da ya yi tabon rawaya don tsufa zai ba ka tabon shuɗi. Irin waɗannan ba na takardar kala ba ne, ajiye su sai ka sami ta baƙi-da-fari, ko ka yi musu sikanin.

In ka buɗe gwangwani ka ji warin khal, fim ɗin ya fara ruɓewa, ware masu warin daga sauran don yana yaɗuwa. In kuma ka ga an rubuta NITRATE a gefen fim, irin na kafin farkon shekarun 1950 ne, yana kama wuta da sauri. Kada ka bar shi ƙarƙashin ƙwan inlaja yana ɗaukar zafi.

5. Mayar wa nagetif da ruwan goron da ya rasa

Nan ne gindin maganar. Takardar kala tana da shimfiɗa uku: mai jin shuɗin haske tana haifar da rinin rawaya, mai jin kore tana haifar da majenta, mai jin ja tana haifar da sayan. In ukun suka fito daidai wa daida, ido na ganin toka ko baƙi. To amma an daidaita takardar ne da fim mai kala, wanda kowa ya san ruwan goro ne jikinsa, kuma ruwan goron nan yana rage shuɗin haske da kore. Nagetif na baƙi-da-fari ba shi da shi, sai shuɗi da kore su wuce da yawa, hoto ya fito jajawur. Kodak ta taɓa yin fim mai suna BW400CN, baƙi-da-fari amma mai ruwan goro a jiki, don dai a buga shi a takardar kala, ta daina yin sa a 2014. Ilford XP2 Super ana wanke shi da C-41, amma ba shi da ruwan goron, shi ma sai an yi masa abin da za mu yi yanzu.

Ɗauko fankon fim ɗin nan ka sa shi a hanyar haske, a saman nagetif. Aljihun filta ne wurin da ya fi kyau. In babu, liƙe shi a saman mariƙin nagetif yadda za a sami ɗan tazara tsakaninsu. Kada ka manna su fuska da fuska, ƙurar da ke kansa za ta fito a hoto, ga kuma zobba-zobban da ke fita in leda biyu suka haɗu. Tabbatar ya rufe hoton duka har kusurwa.

Sai ka sa Y a 50, M a 50, C a sifili. Wannan mafari ne kawai, don lambobin kowane kamfani daban suke. In ba ka sami fankon fim ba, filta za ta iya yin aikinsa: ƙara kamar 30 zuwa 40 a kan Y da M, rawaya ta ɗan fi yawa. Sai dai gwajinka zai fi yawa, kuma a wasu inlajojin za ka ga ka kusa ƙure maɓalli.

6. Gwajin lokaci

Daidaita girma da kaifin hoto da ƙofar lens a buɗe, sannan ka rage ta zuwa f/11, wato lamba 11 a jikin lens. Takardar kala tana da saurin kama haske fiye da yadda ka saba. Kashe komai, ɗora ziri ɗaya inda zai ratsa fuska da wuri mai duhu da mai haske, ka riƙa jan kwali kana ba shi daƙiƙa biyu-biyu har sau biyar. In ka ga ko daƙiƙa biyu ta yi duhu, kada ka matse lens har ƙarshe. Ƙara 30 a kan Y da M da C gaba ɗaya, wannan yana rage hasken kusan rabi ba tare da ya taɓa launi sosai ba. Nemi lokacin da ya kai daƙiƙa 8 zuwa 15, don ka sami sararin aiki da hannu daga baya. A wannan gwajin duhu da haske kawai kake nema, ko da hoton ya fito ja ko kore kada ka kula.

7. Wanki

In da tire kake, jera su daga hagu zuwa dama: dibelofa, tsayarwa, biliks, ruwa. Ka gwada bin su da hannu ido a rufe kafin ka kashe wuta. Don ƙirga lokaci a duhu, ɗauki muryarka tana faɗin daƙiƙoƙi, ka kunna daga bayan ƙofa.

Zura takarda cikin dibelofa a tashi ɗaya, ta nutse duka nan take, ka yi ta rausaya tire ba tsayawa. Saura daƙiƙa biyar ka ɗaga ta ta tsiyaye. Daƙiƙa 20 zuwa 30 a ruwan tsayarwa. Injinan istidiyo ba sa amfani da shi, amma kai da ke aiki da hannu kada ka tsallake, shi ke hana zane-zanen ruwan hoda, yana kuma tsawaita ran biliks. Daga nan biliks. In ya ɗan wuce lokaci babu laifi, gazawa ce matsala, don azurfar da ta saura tana sa hoto ya yi dauɗa-dauɗa. Bayan ta yi rabin lokacinta a biliks kana iya kunna wuta. Ɗauraye minti ɗaya da rabi zuwa biyu da ruwa mai gudu, ko ka canza ruwa sau huɗu. Hannun da ya taɓa biliks kada ya koma dibelofa sai an ɗauraye safar.

Ganga ta fi sauƙi ga mai koyo: a duhu za ka sa takarda, fuska tana kallon ciki, ka rufe, sauran aikin duk da haske. Wajen mililita 100 ya isa takarda mai inci 8 da 10, kuma sabon ruwa kake zubawa kowane hoto. Fara da jiƙa ta da ruwa mai zafin aikin na rabin minti. Sharaɗinta ɗaya, ka wanke ta ka busar da ita ƙarau kafin hoto na gaba, ɗigon ruwa ɗaya a murfi yana zana layi.

8. Korar kala

A nan za ka daɗe, kuma ya cancanta. A hoton kala, in launi ya ɗan kauce, jan riga da shuɗin sama suna rufa masa asiri. Toka ba ta rufa wa kowa asiri. Lamba biyu kacal in ta kauce ido zai gani.

Da farko, busar da gwajin da handiraya. Jiƙaƙƙiyar takardar kala tana nuna shuɗi-shuɗin da ba nata ba, kamar shadda ce da aka tsamo daga rini, sai ta bushe ake sanin launinta. Na biyu, duba a hasken rana kusa da taga, ko a fitila guda mai farin haske da ba za ka riƙa canzawa ba. Doguwar fitilar kicin tana ƙara kore. Na uku, ajiye wani abu mai toka ta gaskiya a gefe, katin toka ko hoton baƙi-da-fari na asali. Ido yana saurin sabawa, in ka ƙura wa gwaji ido minti ɗaya zai ce maka ya yi daidai. Kalli tsaka-tsakin toka, kamar kumatu ko bango, ka yanke hukunci a kallon farko.

Ga ƙa'idar, rubuta ta ka liƙa a bango:

- Hoto ya yi rawaya, ƙara Y. Ya yi shuɗi, rage Y.
- Ya yi majenta, ƙara M. Ya yi kore, rage M.
- Ya yi ja, ƙara Y da M tare. Ya yi sayan, rage su tare.

Wato launin da ya yi yawa a hoto, shi kake ƙarawa a filta. Da farko hankali ba ya kama wannan, amma tuna takardar juya abu take yi: filtar rawaya tana tare shuɗin haske, shuɗin haske kuwa shi ke haifar da rinin rawaya. C ba ka taɓa shi wajen gyaran launi.

In kaucewar mai yawa ce, matsa da 20. Matsakaiciya, 10. Kaɗan, 5, daga nan biyu, daga nan ɗaya. Gara ka wuce gona da iri ka dawo, da ka yi ta tafiyar hawainiya kana cin takarda. Duk 10 da ka ƙara a M, ƙara kamar kashi 10 cikin ɗari a lokaci. Y ba ta cika taɓa lokaci ba.

Inda masu koyo suka fi faɗawa shi ne rarrabe shuɗi da sayan, da kuma ja da majenta. In ka ga kana gyara kana ƙara ɓatawa, to launin ka karanta ba daidai ba. Maganinsa ka sadaukar da dare ɗaya: da ka sami toka mai kyau, buga ƙananan hotuna shida na nagetif ɗin, kowanne ka kautar da shi da 10 zuwa ɗaya daga launukan shida, ka liƙa su kewaye da mai kyaun a kan farin kwali, ka rubuta lamba ƙarƙashin kowanne. Daga ranar, kara sabon gwaji kawai za ka yi a jikinsu.

Abu ɗaya kake canzawa a kowane gwaji, ko lokaci ko filta, kuma ka rubuta a bayan zirin da cikin littafi: Y nawa, M nawa, daƙiƙa nawa, ƙofar lens, tsayin inlaja, zafin ruwa. Ladan wahalar shi ne, da ka sami lambar, za ta yi maka aiki a duk nagetif na irin wannan fim, muddin takarda da ƙwan inlaja da ruwa ba su canza ba. Wani fim jikinsa na da ɗan shunayya, wani shuɗi-shuɗi, sai ka gyara da lamba biyu ko uku.

Wani lokaci za ka ga tsakiya ta yi toka, amma wurare masu haske sun ɗan karkata wani launi, masu duhu sun karkata kishiyarsa. Filta ba ta gyara wannan. Duba zafin ruwa da tsufan dibelofa da tsufan takarda. In duk lafiya suke kuma abin kaɗan ne, daidaita fuska ta yi kyau, ka karkatar da hoton gaba ɗaya zuwa ɗumi, wato ruwan ƙasa, da lamba biyu. Ido yana yafe wa ɗan ruwan ƙasa, amma ba ya yafe wa kore a fuskar mutum.

9. In fari da baƙi sun yi tsauri

A takardar baƙi-da-fari ta zamani, filtar rawaya da majenta ke sassauta hoto ko su tsaurara shi. A nan launi kawai suke canzawa. Takardar kala tsaurinta ɗaya ne, kuma yakan fi ƙarfin nagetif na baƙi-da-fari, sai farar hula ta rasa zanenta, baƙar abaya ta zama dunƙule.

Fara da hannu: tare haske daga wurin da ya yi duhu da ɗan kwali a bakin waya, kana motsa shi, ka ƙara wa wurin da ya yi fari ta ramin kwali. In bai isa ba, yi wa takardar ɗan haske tukuna. Cire nagetif, ka bar fankon fim da filta yadda suke, matse lens, ka yi zirin gwaji da daƙiƙa ɗaya-ɗaya, ka rufe gefe ɗaya da kwali don kwatance. Nemi lokaci mafi tsawo da takarda ba ta fara nuna toka ba. Wannan za ka riƙa ba kowace takarda kafin ka mayar da nagetif ka buga. Za ka ga zanen hula ya dawo.

In kuwa sabon fim za ka ɗauka da niyyar buga shi a takardar kala, ba shi haske isasshe, ka rage lokacin wanke fim ɗin da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Nagetif zai fito da laushin da takardar ke so.

10. Cikakken hoto, da ba shi launi da gangan

Buga cikakke da lambobin da ka samu, ka busar, ka sake dubawa, don babban hoto yakan nuna abin da ziri ya ɓoye. Ga hotunan iyaye ni na fi son ruwan ƙasa mai sauƙi: daga lambar toka, rage Y da kamar 10, rage M da kamar 4. Yana dacewa da fatarmu, yana kuma ɓoye ƙananan kaucewa. In shuɗin dare kake so, kamar na hoton teku ko tsofaffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ƙara Y da 10. Kana iya ma canza filta a lokacin da kake ƙara wa sama haske, ta yi sanyi ƙasa ta yi ɗumi, amma ka taɓa maɓalli a hankali kada kan inlaja ya motsa.

11. Tattara kaya

Dibelofa iska ce ke kashe shi. Zuba shi a kwalbar da zai cika har wuya, ka rufe tam, ka rubuta ranar haɗawa. In ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko baƙin hoto ya fara komawa shuɗi-shuɗi, haɗa sabo. Kwalaben nan a yi musu rubutu manya, a ɗaga su inda yara ba sa kaiwa, kuma kada a zuba su a robar ruwan sha ko ta lemo. Biliks da ya gama aiki yana ɗauke da azurfa, tara shi a jarka ka kai wa mai istidiyo ya haɗa da nasa, kada ka tuttular a magudana. Wanke tire da ruwan ɗumi tun biliks bai bushe a jiki ba, kowanne kuma ya ci gaba da zama na ruwan da aka rubuta masa. Ragowar takarda ta koma leda, a matse iskar, a liƙe, a mayar firji, fankon fim kuma ka sa shi a ambulan ka maƙala cikin littafin, a shafin da lambobin ranar suke.